Ruthven, sunan da majalisar Sikotilan ta haramta

Daga ina sunan ya samo asali?

Sunan wata ƙasar noma ne a yankin Perth. Tun ƙarni na 12 ake ganin kakannin gidan a takardun gado, wani Thor da ɗansa Swein, sunaye irin na mutanen arewacin Turai. Jikokinsu ne suka fara amsa sunan ƙasar tasu. Ana rubuta shi Ruthven, amma 'yan ƙasar "Riben" suke furta shi.

Me ya haɗa su da gidan sarauta?

Kusanci da fada, da kuma taurin kai. A watan Maris 1566, Patrick Ruthven ya taso daga gadon jinya, sulke a jikinsa, ya jagoranci waɗanda suka kutsa ɗakin Sarauniya Mary a fadar Holyrood tana cin abincin dare. Suka janye sakatarenta David Rizzio suka kashe shi, alhali tana da juna biyu.

Ɗan da ta haifa, Sarki James na Shida, bai tsira daga hannunsu ba. A 1582 William Ruthven, mai sarautar Gowrie, ya gayyace shi gidansa, sannan ya hana shi fita. Yaron yana da shekara 16, ya yi wata goma a tsare. An fille kan William a 1584, amma sarki bai manta ba.

To yaya aka kai ga haramta sunan?

Ranar 5 ga Agusta 1600 sarki ya je gidan Gowrie a garin Perth. Kafin yamma an kashe John Ruthven, ɗan William, da ƙanensa Alexander. Sarki ya ce tarko suka ɗana masa. Mutane da yawa ba su yarda ba, har da wasu limaman cocin Edinburgh, domin gidan Ruthven na bin sarki bashi mai yawa.

Abin da ya biyo baya yana tayar min da hankali. Aka kai gawarwakin gaban shari'a, aka rataye su, aka daddatsa. A Nuwamba majalisa ta soke sunan, ta ƙwace dukiya, aka sauya wa tsohon gidansu suna zuwa Huntingtower. Ƙanensu Patrick, wanda ba shi da hannu a komai, ya shafe kusan shekara 19 a kurkukun London. Laifin wani ya shafi wani, dangi suka watse, wasu suka sauya suna.

Akwai masu amsa shi yanzu?

Akwai, amma ba su da yawa. A 1641 majalisa ta bai wa wani reshe na dangin izinin komawa ga sunansa. Daga baya Alexander Hore-Ruthven, wanda ya yi yaƙi a Gadarif ta Sudan a 1898, ya zama Gwamna Janar na Ostiraliya a 1936, aka kuma naɗa shi sarautar Gowrie a 1945.