Me ya sa jami'a ke dagewa sai an kulle bayanan waya?

Jami'o'i da dama suna da ƙa'ida cewa duk waya ko kwamfutar hannu da ake buɗe imel ɗin makaranta a cikinta, wajibi ne bayananta su kasance a kulle da makullin sirri. Ko jami'a ce ta saya, ko kai ka saya da guminka, hukuncin ɗaya ne muddin aikin makaranta na ciki.

Ina ganin ƙa'idar ta dace, domin abin da ke wayar malami ba nasa ba ne shi kaɗai. Akwai makin ɗalibai, da tambayoyin jarrabawar da ba a zauna ba tukuna, da takardar asibitin ɗalibar da ta roƙi a ɗage mata jarrabawa, da sunayen mutanen da aka yi wa alkawarin rufa asirinsu a wani bincike. Duk amana ce.

Kullen yana dagula bayanan ne da lissafi, galibi da wani tsarin rufa bayanai da ake kira AES, yadda ko ɓarawo ya kwance wayar ya ciro ma'ajiyarta, tarkacen lambobi kawai zai tarar. A iPhone da iPad kariyar tana kama aiki da zarar ka sa lambar sirri. Wayoyin da suka fito da Android 10 na 2019 zuwa sama a kulle suke zuwa. Mai tsohuwar waya sai ya leƙa saitin tsaro, ya duba katin memori ma, don sau da yawa shi a buɗe yake.

Inda gizo ke saƙar shi ne lambar sirrin. Mai lambobi huɗu, hanyoyin haɗa ta 10,000 ne kacal, mai shida kuwa 1,000,000. Wanda ya sa 1234 ko shekarar haihuwarsa ya kulle ƙofa ne ya bar makulli a jiki. Ka kuma riƙe ta da kyau, don idan ka manta, sai dai a goge wayar gaba ɗaya.

Doka ma tana bambanta waya mai kulle da maras kulle. A dokar kare bayanan mutane ta Tarayyar Turai, wato GDPR, wadda ta fara aiki a 2018, idan bayanan mutane suka fita ta yadda za a iya cutar da su, sai an sanar da hukuma cikin awa 72. Amma idan bayanan a kulle suke da kyau, ba dole ba ne a bi mutanen ɗaya bayan ɗaya ana sanar da su.

Ranar da wayar ta ɓace, kada kunya ta sa ka yi shiru kana fatan za ta dawo. Ka gaya wa sashen kwamfuta nan take, su toshe imel ɗinka, su goge wayar daga nesa idan tana kan tsarinsu.