Haƙƙin a manta da mutum a intanet

Haƙƙin a manta da mutum dama ce da dokokin wasu ƙasashe, musamman na Tarayyar Turai, suka ba mutum ya nemi injin bincike na intanet, irin su Google, ya daina nuna wani tsohon labari a kansa idan an rubuta sunansa. Sunan ya fi aikin girma. A yawancin lokuta ba a goge komai: labarin yana nan a shafin da aka buga shi, hanyar da ke kai wa gare shi ta sunan mutumin kawai ake toshewa.

Asalin matsalar

Kafin zuwan injinan bincike, tsohon labari yakan kwanta da kansa. Wanda ke son sanin abin da jarida ta rubuta shekara 20 baya sai ya je ɗakin karatu ya yi ta juya takardu masu ƙura, kuma mutane kaɗan ne ke da wannan juriyar. Wahalar neman ita ce ke rufa wa jama'a asiri, ba wata doka ba.

Masu amfani da Usenet, tsohon tsarin musayar saƙonni da aka fara a Amurka wajen 1980, su ne suka fara ɗanɗana abin da ke biyo baya idan wannan wahala ta kau. A 1995 kamfanin Deja News ya fara tattara saƙonninsu yana ba kowa damar bincika su, har aka ƙirƙiro wata alama, X-No-Archive, da marubuci zai liƙa wa saƙonsa don kada a adana shi. Google ya sayi taskar a 2001, kuma kafin shekarar ta ƙare ya faɗaɗa ta zuwa saƙonnin 1981. Mutum ya yi gardama yana ɗalibi, yana zaton abokansa kawai ke karantawa, sai ga ta a gaban mai ɗaukarsa aiki. Magana zarar bunu ce dama, amma a da ba kowa ke ganin bunun ba.

Mai shafi yana da hanyoyin hana injin bincike shiga: akwai fayil ɗin robots.txt da Martijn Koster ya gabatar a 1994, akwai kuma umarnin noindex da ake sakawa cikin shafi. Sai dai duk biyun a hannun mai shafin suke. Wanda aka yi rubutu a kansa ba shi da ko ɗaya.

Shari'ar Sifaniya

A 1998 jaridar La Vanguardia ta birnin Barcelona ta buga sanarwa sau biyu, a watan Janairu da na Maris, cewa za a yi gwanjon wani gida saboda bashin da hukumar inshorar ma'aikata ke bi. Sunan Mario Costeja González yana ciki. An daɗe da warware maganar bashin, amma bayan jaridar ta ɗora tsofaffin bugunta a intanet, duk wanda ya rubuta sunansa a Google sai sanarwar ta fito.

A watan Maris na 2010 ya kai ƙara hukumar kare bayanai ta Sifaniya. Hukumar ta wanke jaridar, domin da umarnin ma'aikatar ƙwadago ta buga sanarwar, amma ta ce Google ya cire. Kamfanin ya ɗaukaka ƙara, kotun Sifaniya kuma ta miƙa tambayoyin ga Kotun Tarayyar Turai da ke Luxembourg. Babban mai ba kotun shawara, Niilo Jääskinen, ya karkata ga Google a 2013. Alƙalan ba su bi shi ba.

Hukuncin da suka yanke ranar 13 ga Mayu 2014 ya dogara ne kan dokar kare bayanai ta Tarayyar ta 1995. Kotun ta ce injin bincike ba ɗan aike ba ne kawai: yana tattara bayanan mutane, yana jera su, yana haɗa abubuwan da ke warwatse har su zama hoton mutum guda, don haka yana da alhakinsa daban da na jarida. Ko da labari gaskiya ne, kuma bisa doka aka buga shi, ana iya cire shi daga sakamakon binciken suna idan ya daina dacewa ko ya wuce gona da iri saboda tsawon lokaci. Sai dai ta ce wannan dama ba lallai ta shafi masu riƙe da muƙami da sauran waɗanda jama'a ke da haƙƙin sanin tarihinsu ba.

Abin dariya a nan shi ne, mutumin da ya nemi a manta da bashinsa ya zama wanda ake karanta labarin bashin nasa a azuzuwan koyon shari'a a faɗin duniya.

Yadda ake aiki da shi

Makonni kaɗan bayan hukuncin Google ya buɗe fom na neman cirewa, kuma buƙatu kimanin 12,000 suka shigo a ranar farko. Ma'aikatan kamfanin ne ke duba kowace buƙata: wane ne mai neman, shekara nawa da faruwar abin, ya shafi sana'arsa ko rayuwar gidansa. Wanda aka hana yana iya zuwa hukumar kare bayanai ta ƙasarsa ko kotu. Nan ne sukar da ta fi ƙarfi take: kamfani mai neman riba ya zama alƙalin farko tsakanin rufin asirin mutum da haƙƙin jama'a na sani, kuma a ɗaki a rufe yake yanke hukuncin.

Wata shari'a a babbar kotun Ingila a 2018 ta nuna yadda awon yake. 'Yan kasuwa biyu da suka taɓa zaman gidan yari suka nemi a cire labaransu. Kotu ta amince wa ɗaya, wanda hukuncinsa ya fi sauƙi kuma ya nuna nadama. Ta hana ɗayan, wanda laifinsa ya shafi rashin gaskiya a harkar kuɗi kuma bai amsa shi ba.

Babbar dokar kare bayanai ta Tarayyar Turai, wadda ta fara aiki ranar 25 ga Mayu 2018, ta rubuta haƙƙin a sashe na 17. A 2019 kotun Luxembourg ta yanke, a rikicin Google da hukumar kare bayanai ta Faransa, cewa dokar Tarayyar ba ta tilasta cirewa a duk duniya ba, sai a cikin ƙasashenta. A 2023 kuma Kotun Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta Turai ta taɓa taskar jarida kanta: ta amince da umarnin da aka ba jaridar Le Soir ta Beljiyam na ɓoye sunan wani direba a labarin hatsarin mota na 1994.

A wajen Turai

Amurka ba ta da irin wannan haƙƙi na bai ɗaya, saboda kariyar da tsarin mulkinta ya ba 'yancin faɗar albarkacin baki. A Najeriya, dokar kare bayanai ta 2023 ta ba mutum damar neman duk wanda ke riƙe da bayanansa ya goge su a wasu yanayi, kuma Hukumar Kare Bayanai ta Najeriya ce ke sa ido kan aiwatar da ita. Kafin wannan doka, ƙa'idar da NITDA, hukumar bunƙasa fasahar sadarwa ta ƙasa, ta fitar a 2019 ce ake aiki da ita.