Lee Chong Wei da zinaren da Malesiya ke jira har yau

Duk lokacin da aka tashi daga wata babbar gasar badminton 'yan Malesiya ba su taɓuka abin kirki a wasan maza na ɗaiɗai ba, sai gardama ta sake ɓarkewa a ƙasar: ina magajin Lee Chong Wei? Wasu kuma su ce ai shi kansa Lee ɗin bai taɓa cin zinaren Olamfik ko gasar duniya ba, wai zuciyarsa ce ke karaya a wasan ƙarshe. A ganina maganganun nan biyu tushensu ɗaya, kuma ba yau abin ya fara ba.

Farkon labarin sananne ne. An haife shi a 1982 a Bagan Serai ta jihar Perak, ya tashi a Bukit Mertajam, koci Misbun Sidek ya hango shi, ya shiga tawagar ƙasa yana ɗan shekara 17. A Olamfik ta Beijing a 2008 Lin Dan na ƙasar Sin ya lallasa shi a wasan ƙarshe, 21-12, 21-8. Cikin watan Agustan shekarar ya zama na ɗaya a duniya, ya riƙe matsayin mako 199 a jere. A gasar duniya ta 2011 a Landan, sau biyu yana kaiwa saura maki ɗaya ya ɗauki kambu, Lin Dan ya ƙwace.

Abin da ba a cika tunawa da shi ba shi ne watan Mayun 2012 a birnin Wuhan, a gasar Kofin Thomas. Wannan gasa ta ƙasashe ce, kowace karawa wasa biyar: uku na ɗaiɗai, biyu na bibbiyu. Lissafin Malesiya a shekarun nan ɗaya ne, Lee ya kawo makin farko, sannan a nemi sauran biyun ko ta ina. Saura wata biyu da 'yan kwanaki a fara Olamfik, amma babu wanda zai tsaya a gurbinsa ya ba da tabbacin wannan maki. Ya fito karawa da Danmak, ya fuskanci Peter Gade, ko zufa ba a yi ba ya dira a karkace, idon sawunsa na dama ya gurɗe. A keken guragu aka fitar da shi yana hawaye. Malesiya ta yi waje a kwata-fainal a hannun Sin, shi kuma makonnin da ya kamata ya yi yana atisaye ya ƙare su wajen jinya. A watan Yuni matsayinsa na ɗaya ya suɓuce.

Da wannan ƙafar ya je Olamfik ta Landan. Wasansa na farko da Ville Lang na Finland da ƙyar ya sha, sai da aka kai zagaye na uku. A haka ya lallaɓa ya fitar da Chen Long a kusa da na ƙarshe, ya ci Lin Dan zagayen farko 21-15, ya kai ga jan ragama 19-18 a na uku, aka tashi 21-19. Mutumin da ya yi wannan da ƙafar da ba ta gama warkewa ba, ban ga yadda za a kira shi mai karayar zuciya ba. Sin tana da Lin Dan da Chen Long da Chen Jin a lokaci guda, in wannan ya huta wancan ya fita. Malesiya mutum ɗaya gare ta, kuma hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Daga nan abin ya yi ta maimaita kansa. A wasan ƙarshe na gasar duniya ta 2013 a Guangzhou jijiyoyin ƙafarsa suka ɗaure, ya kasa ƙarasawa. Azurfarsa ta gasar duniya ta 2014 an karɓe ta bayan gwaji ya nuna maganin dexamethasone a jikinsa, aka dakatar da shi wata 8. A Olamfik ta Rio a 2016 ya doke Lin Dan a kusa da na ƙarshe, washegari ya tarar da Chen Long na jiransa, 21-18, 21-18. Azurfarsa ta uku a Olamfik ke nan.

Ya ajiye raket ranar 13 ga Yunin 2019, bayan jinyar kansar hanci a Taiwan, da kofuna 69, ciki har da All England 4 da Malaysia Open 12. Shekara goma da ɗoriya nasarorinsa suna rufe giɓin da ke bayansa, yana tafiya giɓin ya fito fili. Kambun duniya na farko da Malesiya ta samu sai a 2022, kuma 'yan bibbiyu ne suka kawo shi, Aaron Chia da Soh Wooi Yik. A ɗaiɗai kuwa, tagullar Lee Zii Jia a Paris a 2024 ita ce lambar Olamfik ɗaya tilo tun bayan Rio.