Lalacewar hoto daga katin hoton kwamfuta

Katin hoto shi ne ɓangaren kwamfuta da ke zana duk abin da ido ke gani a fuskarta, daga harafi guda har zuwa bidiyo. Masu gyara a Yamai sun fi kiransa da sunansa na Faransanci, kart girafik. A kwamfutar tebur yakan zo daban, a soka shi a babban farantin injin. A yawancin kwamfutocin cinya kuwa liƙe yake da farantin, ko yana cikin ƙwaƙwalwar injin kanta. In ya samu matsala, hoto yakan yi zane-zane, launi ya rikice, ko fuska ta yi baƙi ƙirin alhali fanka na juyawa. Amma ba duk lalacewar hoto ce laifin katin ba, kuma an sha jefar da kati mai lafiya saboda wayar da ta tsinke.

Tarihi

Kwamfutar IBM ta 1981 ta fito da kati iri biyu: MDA mai nuna rubutu kawai da launi ɗaya, da CGA mai iya nuna launi huɗu lokaci guda a zane. EGA ya biyo baya a 1984, sannan VGA a 1987. Bakin VGA mai fil 15, wanda aka fi sani da shuɗin kai da kusoshi biyu na murɗawa, har yau yana aiki a ofisoshi da makarantu da shagunan buga takardu na Yamai. Katunan wancan zamani ba sa zafi sosai, fanka ma ba su da ita.

Wasannin kwamfuta ne suka sauya lamarin. A 1996 kamfanin 3dfx ya fito da katin Voodoo, a 1999 kuma Nvidia ta fito da GeForce 256. Babban abokin hamayyarta, ATI na Kanada, ya koma hannun AMD a 2006. Tun daga nan katin ya zama tamkar wata ƙaramar kwamfuta, da ƙwaƙwalwarsa da ma'ajiyarsa da fankarsa, yana cin wuta yana fitar da zafi.

Babin da ya fi shafar masu gyara ya zo a wajajen 2007 zuwa 2008. Kwamfutocin cinya masu yawa na Dell da HP da Apple, masu ɗauke da GeForce 8400M da 8600M, suka riƙa mutuwar fuska tun ba su tsufa ba. Ƙananan ɗigon ƙarfen da ke haɗa ƙwaƙwalwar katin da mazauninta ne ke tsagewa, saboda yawan ɗumama da hucewa. A watan Yulin 2008 Nvidia ta amince da matsalar, ta ware kusan dala miliyan 200 don biyan gyara. Ana taƙaddama kan ainihin sanadin: wasu sun ɗora laifin a kan irin ƙarfen liƙin, wasu a kan gam ɗin da ke riƙe shi. Apple ta sake fuskantar makamancin haka da MacBook Pro na 2011 masu katin AMD, har ta buɗe shirin gyara kyauta a 2015. Injunan waɗancan shekaru da dama sun ƙare a kasuwannin kayan gwanjo na Afirka ta Yamma, da cutarsu a jikinsu.

Alamomi

Ɗigo-ɗigo masu launi, ko ƙananan murabba'ai jere kamar saƙar tabarma, galibi suna nuna ma'ajiyar katin ta fara lalacewa. Dogayen tsinkaye da ke fita daga jikin abubuwa a cikin wasa su ma haka, ko kuma zafi ne ya yi yawa. Layi guda siriri da ke tsaye wuri ɗaya ba ya motsi ya fi kama da ciwon gilashin fuskar. Hoton da ke ɗaukewa idan an motsa murfin kwamfutar cinya yana nuni ga siririyar wayar da ta bi ta cikin maƙalar murfin.

Rikicewar launi a wayar VGA tana da sauƙin karantawa. Fil na 1 ja yake ɗauka, na 2 kore, na 3 shuɗi. In na 1 ya lanƙwashe, hoto zai koma shuɗi-shuɗi mai ratsin kore. In na 2 ne, sai ya yi ruwan hoda. In na 3 ne, komai ya zama rawaya. Mai gyara yakan haska cikin bakin da tocilan waya, ya ɗago fil ɗin a hankali da tsinin allura, launi ya dawo nan take.

Tun daga Windows Vista, in katin ya yi daƙiƙa 2 bai amsa ba, tsarin yakan sake tayar da manhajar da ke tuƙa shi, wadda ake kira direba. Fuska ta yi baƙi ɗan lokaci, ta dawo. In abin ya gagara, sai shuɗiyar fuska ta fito da lamba 116.

Gano inda ciwon yake

Daga mai araha ake farawa. A sauya waya, a gwada wata fuskar ko talabijin ta bakin HDMI. In hoton waje ya fito garau, katin ya kuɓuta. Akwai kuma gwajin ɗaukar hoton fuska da maɓallin kwamfutar, a tura shi zuwa wayar hannu: in tabon ya bi hoton, daga kati ko direba yake, in bai bi ba, an fi zargin waya ko gilashi. Tabon da ya bayyana tun ana kunna injin, kafin Windows ta tashi, ba na direba ba ne, tunda a lokacin ba ta fara aiki ba. Manhajar GPU-Z tana nuna zafin katin, FurMark kuma tana matsa masa aiki don a ga ko tabon zai fito. Injin da katinsa ke cikin ƙwaƙwalwa daga RAM, wato ma'ajiyar wucin gadi ta kwamfutar, yake aron ma'ajiya, don haka a nan RAM ɗin ake gwadawa.

Gyara

Danna maɓallan Windows da Ctrl da Shift da B tare yana sake tayar da direba. In matsalar ta fara bayan sabuntawa, a goge direban gaba ɗaya da manhajar DDU, a sa wanda ya gabace shi.

Katin tebur ana zare shi, a goge haƙoransa, a mayar. Ramin da ake soka shi wat 75 kawai yake bayarwa. Ƙarin wuta na zuwa ta waya mai rami 6, wat 75, ko mai rami 8, wat 150. Akwatin wuta mai rauni yakan sa hoto ya ɗauke daidai lokacin da aiki ya yi nauyi.

Gasa katin da bindigar iska mai zafi dabara ce da ta yaɗu bayan 2008. Hoto yakan dawo, amma sau da yawa na ƴan kwanaki ko makonni ne, domin tsagewar tana can ciki inda zafin bai gyara ba. Adalci shi ne mai gyara ya gaya wa mai kaya haka kafin ya karɓi kuɗinsa. Mai sayen injin gwanjo kuma ya dace ya sa a buɗe masa: tabon ƙuna ko canjin launi kewaye da ƙwaƙwalwar katin alama ce an taɓa gasa ta. Gyara mai ɗorewa shi ne sauya ƙwaƙwalwar ko farantin duka.

Yanayin Yamai

A Afrilu da Mayu zafin rana a Yamai yakan haura digiri 40, katunan kuwa suna rage gudu da kansu in sun wuce digiri 80 da wani abu, gwargwadon ƙirarsu. Tazarar ba ta da yawa. Ƙurar hunturu tana taruwa tsakanin fanka da haƙarƙarin ƙarfen sanyaya, ta dunƙule kamar auduga, har a ciro ta da hantsaki guda cur. Hure ta kafin bazara, da sabunta man sanyaya da ya bushe a kan ƙwaƙwalwa, suna magance kaso mai yawa na matsalolin zafi. A riƙe fankar da yatsa yayin hurawa don kada ta yi gudun da ya fi ƙarfinta. Ɗaukewar wutar lantarki da dawowarta da ƙarfi kuma akwatin wuta suke fara bugawa, shi ya sa shagunan da ke da hali suke ratsa wutar injunansu ta na'urar daidaita wuta mai batir.