Big Boy 4014

Big Boy 4014 kan jirgin ƙasa ne mai aiki da tururi, mallakar kamfanin reluwe na Union Pacific a Amurka, an ƙera shi ne don jan taragon kaya. Kamfanin ALCO ne ya ƙera shi a garin Schenectady na jihar Niyok a ƙarshen 1941, yana ɗaya daga cikin guda 25 irinsa da aka yi tsakanin 1941 da 1944. Takwas ne suka tsira ba a yanka su an sayar da ƙarfen ba, kuma a cikin takwas ɗin nan shi kaɗai ne yanzu ake hura wa wuta ya yi tafiya da kansa.

Dalilin ƙera shi

Matsalar Union Pacific a ƙarshen shekarun 1930 ita ce tsaunukan Wasatch. Jirgin kaya in ya taso daga Ogden a jihar Utah zai nufi gabas zuwa Green River a Wyoming, hawa ne mai tsawo wanda a wasu wuraren tudun yake kai kashi 1.14 cikin ɗari. A takarda kamar ba wani abu ba ne, amma ga ƙafar ƙarfe a kan dogon ƙarfe da dubban tan a baya, wannan hawa ne na gaske. Sai an haɗa kawuna biyu, ko a sa wani ya turo daga baya, in an gama hawa a tsaya a cire shi ya koma ƙasa, ga ɓata lokaci ga kuɗin ƙarin ma'aikata. To shi ne kamfanin ya ce yana son kai guda ɗaya tak da zai ja tan 3,600 ya haye shi kaɗai, in ya fita fili kuma ya yi gudu.

Otto Jabelmann, shugaban sashen bincike na Union Pacific, shi da mutanensa da injiniyoyin ALCO suka zana shi, sun ɗora ne a kan samfurin kan jirgi mai suna Challenger da kamfanin yake amfani da shi tun 1936, suka ƙara masa tsawo da ƙafafu da girman murhu. Guda 20 aka fara yi a 1941, lamba 4000 zuwa 4019, sai yaƙin duniya na biyu ya sa kaya suka yi yawa aka ƙaro biyar a 1944.

Batun suna kuwa, an ce da Wasatch za a sa musu, sai wani ma'aikaci a masana'antar ya ɗauki alli ya rubuta Big Boy a goshin na farkon, wato ƙaton yaro, sunan ya bi su har yau.

Yadda yake

Tsarin ƙafafunsa 4-8-8-4 ne. Ƙananan ƙafafu huɗu a gaba masu shigar da shi kwana, sai manya takwas masu ja, sai wasu manyan takwas, sai huɗu a baya da suke ɗauke da nauyin murhu. Kusan injin biyu ne a ƙarƙashin tukunya ɗaya, silinda huɗu. Da a ce sandararre ne ba zai iya shan kwana ba saboda tsawo, shi ya sa aka yi wa rukunin ƙafafun gaba gaɓa kamar gwiwa, in ya shiga kwana za ka ga ƙafafun gaban sun riga sun karkata alhali ita tukunyar tana nan a miƙe ta leƙa waje, sai daga baya ta biyo.

Tsawonsa haɗe da taragon kwal da ruwa ƙafa 132 ne, wajen mita 40 kenan, nauyinsa kuma kusan fam miliyan 1.2. Kowace babbar ƙafa inci 68 ce. An tsara shi ya iya kai mil 80 a awa, amma a wajen aiki ba a kai shi nan, ƙarfinsa ya fi fitowa a matsakaicin gudu. A zamanin aikinsa taragon bayansa yana ɗaukar kwal tan 28 da ruwa galan 24,000, kuma cin wutarsa ya fi ƙarfin mutum da shebur, na'ura ce take turo kwal ɗin daga baya zuwa murhu tana watsa shi.

Ana yawan ce masa kan jirgin tururi mafi girma da aka taɓa yi. Akwai masu ja, suna kawo kan jirgin Allegheny na kamfanin Chesapeake and Ohio, ya dai danganta da abin da aka auna.

Shekarun aiki

An kawo 4014 a Disambar 1941, watan da Amurka ta shiga yaƙi, ya faɗa aiki kai tsaye. Daga baya aka mayar da yawancin aikinsa da na ire-irensa gabas, kan hawan Sherman tsakanin Cheyenne da Laramie a Wyoming. A cikinsu 4005 ne ya fi shan wahala, shi aka gwada wa ƙona mai a madadin kwal a 1946 abin bai yi ba aka mayar da shi kwal, kuma shi ne ya kife a Wyoming a Afrilun 1953, ma'aikata suka rasu.

Injin dizal ne ya ture su. Ba ya buƙatar tsayawa shan ruwa, gyaransa ya fi sauƙi, ma'aikata kaɗan sun ishe shi. 4014 ya ja kayansa na ƙarshe a Yulin 1959, aka ajiye shi, sai a Disambar 1961 aka cire shi daga aiki gaba ɗaya bayan ya ci mil 1,031,205.

Zaman Pomona

Kamfanin ya bayar da shi kyauta ga reshen kudancin Kalifoniya na ƙungiyar Railway and Locomotive Historical Society, ya isa filin baje koli na Pomona a farkon 1962, wurin da ake kira RailGiants. Sama da shekara 50 ya yi a nan a tsaye a waje. Wannan zaman ba a cika ba shi muhimmanci ba in ana ba da labarinsa, alhali shi ya cece shi. 'Yan sa kai ne, ba wanda yake biyansu, suke zuwa su goge shi su yi masa fenti su zuba mai da giris a gaɓoɓin injin da ba wanda ya yi zaton zai ƙara motsi, ga kuma busasshiyar iskar yankin da ba ta barin tsatsa ta ci ƙarfe da sauri. Da Union Pacific ya tashi neman wanda zai farfaɗo a cikin takwas ɗin, lafiyar tukunyar 4014 na daga cikin abin da ya sa aka zaɓe shi.

Farfaɗowa

A Yulin 2013 aka sanar cewa ya koma hannun kamfanin. Fito da shi ma aiki ne, don babu layi a inda yake, sai guntayen dogo aka riƙa shimfiɗawa a filin ajiye motoci, a ja shi gaba kaɗan, a ɗauko na baya a kawo gaba, har aka kai shi layin jirgin birni. Ya bar Pomona a Janairun 2014, injinan dizal suka ja shi har Cheyenne, ya isa ranar 8 ga Mayu.

Ed Dickens ne ya jagoranci gyaran. An wargaza shi, an ɗaga tukunyar daga kan ƙafafu, kayan da suka lalace dole aka ƙera sababbi don ba mai sayar da su, sannan aka mayar da shi mai ƙona mai. Taragon da yake ja yanzu ma na Challenger 3985 ne. A farkon Mayun 2019 ya motsa da wutarsa karo na farko cikin kusan shekara 60, daga nan ya tafi Ogden tare da ɗan'uwansa kan jirgin tururi mai lamba 844 don bikin cika shekara 150 da haɗe layin dogon da ya ratsa Amurka, wanda aka kammala ranar 10 ga Mayun 1869.

Yanzu

Yana zaune a Cheyenne, ana fita da shi rangadi lokaci zuwa lokaci. A Yunin 2023 ya tura wani jirgin kaya da ya kasa hawa a kusa da Blair, jihar Nebraska.

Sauran bakwai

Suna ajiye don kallo a Cheyenne, Denver, St. Louis, Scranton, Green Bay, Omaha da Frisco ta jihar Teksas.