Waiwaye: Daga Ƙofar Na'isa zuwa Ɗan Agundi, yadda rigimar faɗaɗa titi ta taso a Kano

Wanda ya san Ƙofar Na'isa kafin 2010 ya san yadda ake bi ta cikinta. Idan motar ciki ta sako kai, ta waje sai ta dakata. Idan kuwa aka haɗu da direbobi biyu masu taurin kai, to layi ya ɗinke ke nan har bakin titin Jami'ar Bayero (BUK), 'yan acaɓa na kutsawa ta gefe, ɗan garuwa ya jingina da kurarsa yana jiran ikon Allah. Ƙofa ce ta jar ƙasa, an gina ta domin jaki da doki da raƙumi, a zamanin da babu wanda ya taɓa mafarkin tifa.

A watan Afrilun 2010 katafila ta kwantar da ita. Gwamnatin Malam Ibrahim Shekarau ta ce faɗaɗa hanya za a yi. Hukumar kula da gidajen tarihi ta ƙasa ta yi tir da abin, tana mai cewa ƙofar na ƙarƙashin kariyar dokar tarayya, masana tarihi suka yi ta rubuce-rubuce a jaridu, amma ihu ne bayan hari. Abin da ya ƙara wa mutane takaici shi ne, 'yan shekaru kaɗan kafin nan aka yi wa sassan ganuwa da ƙofofi gyara da tallafin gwamnatin Jamus, kuma a 2007 Najeriya ta saka ganuwar Kano a jerin wuraren da take neman UNESCO ta amince da su a matsayin kayan tarihi na duniya. Ƙofar da ake dangantawa da zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, mai shekara wajen 500, ta tafi cikin ɗan lokaci. Daga baya aka gina wata ta siminti mai faɗi a wurin.

Sai dai a faɗi gaskiya, ba kowa ne ya yi kuka ba. Wanda yake fita da mara lafiya ta wannan ƙofa, ko wanda kullum yake makara a wurin aiki saboda ita, daban yake kallon lamarin da malamin jami'a. Shi ya sa rigimar take da wuyar rabo, don kowane ɓangare yana da tasa gaskiyar.

Tushen maganar ya daɗe. Tarihin Kano ya nuna Sarki Gijimasu, wanda ya yi mulki daga 1095 zuwa 1134, shi ya fara ganuwa, Rumfa da Muhammadu Nazaki suka faɗaɗa ta. Hikimar ƙofa a lokacin ita ce ƙunci: a iya rufe ta da dare, a iya tare mahara, Sarkin Ƙofa ya ga mai shiga da mai fita. Turawa suka ci garin a 1903, jirgin ƙasa ya iso a 1911, mota ta biyo baya, sai abin da yake kariya jiya ya zama cikas. A zamanin Sarki Abdullahi Bayero aka huda ganuwa aka buɗe Sabuwar Ƙofa. Tun daga nan ƙofofi suke ta komawa siminti ɗaya bayan ɗaya.

Amma maganar tarihi ta 'yan ƙalilan ce. Abin da ke hana talaka barci shi ne jan fenti. Wata safiya mutum zai fito ya tarar an zana alama a jikin katangarsa, an rubuta lamba, wani lokaci da kibiya mai nuna iya inda titi zai ci. Zaure ya tafi, shago biyu na bakin hanya sun tafi, rabin ɗakin uwargida ya tafi. Daga ranar gidan ba ya sayuwa, ba ya gyaruwa, mai shi ba ya iya ko sauya kwano, don bai san ranar da za a zo ba. Akwai gidajen da fentin ya koɗe a jikinsu kafin a waiwaye su.

A nan ne dokar amfani da ƙasa ta 1978 take shigowa, dokar da gwamnatin soja ta Obasanjo ta kafa, aka kuma cusa ta cikin kundin tsarin mulki yadda taɓa ta sai an sha wuya. Ta ɗora duk ƙasar jiha a hannun gwamna a matsayin amana, ta ba shi ikon soke haƙƙin mallaka idan za a yi aikin amfanin jama'a. Diyyar da ta tanada ta abin da aka ɗora a kan ƙasar ce, wato gini da shuka da makamantansu, kuma ana cire tsufan gini daga lissafi. Ita ƙasar kanta kusan ba ta cikin kuɗin. To ka ɗauki gidan ƙasa na gado a cikin birni, mai azara da daɓe, wanda magada goma sha suke da haƙƙi a ciki. A takarda ginin ba shi da wata daraja. A kasuwa kuwa filin da yake kai ya fi ginin tsada nesa ba kusa ba, saboda yana bakin titi, kusa da kasuwar Kurmi ko ta Kwari. Abin da za a ba su, idan aka raba gado, da ƙyar ya sayi fuloti a bayan gari. Wanda bai gamsu ba, dokar ta tura shi gaban kwamitin rabon filaye, wanda shi ma gwamna ne ke naɗa shi.

Ɗan haya kuwa ba ya ma cikin lissafin. Tela ko mai kemis da ya shekara ashirin yana tara masu ciniki a wuri ɗaya, diyya ta mai gida ce, shi sai dai ya kwashe kaya. Mai shayi da mai faci da 'yan tebur ba a ko rubuta sunansu. Su ne kuma za ka ji sun fi kowa cewa ba aikin suke ƙi ba, a dai duba su.

Daga 2011 salon ya sauya, aka koma hawa sama da nutsewa ƙasa. Kwankwaso ya yi gadar sama a Ƙofar Nasarawa da ta ƙasa a Gadon Ƙaya da Kabuga, ya kuma ɓullo da titin kilomita biyar mai hannu biyu a hedikwatar kowace ƙaramar hukuma, wanda a garuruwa da dama ya ratsa tsakiyar gari ya ci gidaje, wasu kuma aka bar su a buɗe shekara da shekaru, ƙura da rani, taɓo da damina. Ganduje ya ɗora da Dangi da Hotoro da sauransu. Kowane gwamna yana son abin da za a nuna da yatsa a ce shi ya yi, kuma gada ta fi rijiyar burtsatse fitowa a hoto.

Da aka zo kan gadojin Ɗan Agundi da Tal'udu a ƙarshen 2023, sai gardamar ta koma kan aljihu. (Tal'udu, ga wanda bai sani ba, bakin Kanawa ne ya lanƙwasa sunan Taylor Woodrow, kamfanin gine-gine na Ingila, abin da ke nuna unguwar ta daɗe da sanin 'yan kwangila.) Shugabannin ƙananan hukumomi na lokacin, waɗanda 'yan APC ne, suka garzaya Babbar Kotun Tarayya a Abuja suna neman a hana gwamnatin Abba Kabir Yusuf taɓa asusun haɗin gwiwa na jiha da ƙananan hukumomi don yin ayyukan. Siyasa na ciki, wannan ko makaho ya shafa ya ji, domin ba ranar aka fara tatsar wannan asusu ba. Duk da haka tambayar da suka ɗaga tana da nauyi. Kano na da ƙananan hukumomi 44, takwas ne kawai a cikin birni da kewaye. Da wane dalili za a ɗebi kason mutumin Doguwa ko Kunci, wanda asibitin garinsu ke neman magani, a zuba a mahaɗar da watakila sau ɗaya yake bi a shekara? Masu goyon baya suna cewa birnin na kowa ne, nan ake kawo hatsi da tumatir, nan ake zuwa babban asibiti. Aikin dai bai tsaya ba. A ranar 11 ga Yulin 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin cewa a riƙa bai wa ƙananan hukumomi kuɗinsu kai tsaye, hukuncin da aiwatar da shi ya zama wani dogon zance.

Saura tambayar da ba a cika yi ba: idan an faɗaɗa, cunkoson yana tafiya? Na ɗan lokaci, e. Masana sufuri sun daɗe da lura cewa sabon fili a titi yana jawo sababbin motoci har ya cika. A birnin Houston na Amurka an kashe kusan dala biliyan 2.8 wajen faɗaɗa babbar hanyar Katy, aka gama a 2008, cikin 'yan shekaru gosulo ya dawo. Namu ma ya fi sauƙin ganewa. Tun da aka hana acaɓa ɗaukar fasinja a Janairun 2013, A Daidaita Sahu ta mamaye gari, kowace tana ɗauke da mutum uku ko huɗu, tana tsayawa inda fasinja ya ɗaga hannu. Hannu ɗaya na sabon titi yakan zama tasha, wani ya zama wurin ajiye motoci, gefen masu tafiya a ƙasa kuma 'yan kasuwa su baje kaya, ciki har da waɗanda aka rushe wa shago a wurin. Tsohuwar da a da take tsallakawa gidan 'yarta da taku goma, yanzu sai ta tsaya a bakin shingen tsakiyar titi tana neman yaron da zai riƙe mata hannu.