Maimaita kalma ba ya kai shafi saman Google

Har yau akwai masu shafukan intanet da ke ganin in suka cusa kalma ɗaya sau barkatai a rubutu, Google zai ɗaga su sama a sakamakon bincike. A shekarun 1990 dabarar ta ɗan yi aiki, lokacin da injunan bincike irin AltaVista ke dogaro da ƙirga kalmomi. Google kuwa tun 1998 wajen tantance matsayin shafinka ya ba da muhimmanci ga shafukan da suka sa mahaɗi (wato wurin da ake latsawa a je wani shafi) zuwa naka. A 2009 ya bayyana cewa ba ya duba jerin kalmomin da ake ɓoyewa a bayan shafi. Yanzu ƙa'idojinsa sun ɗauki cusa kalmomi a matsayin maguɗi, har yakan jawo a tura shafi ƙasa, mai karatu kuma ya gaji ya fita.